Katangar Kilobayit 640: Ƙarancin Ma'ajiya a Tsohuwar Kwamfuta da Hanyoyin Magance Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya yi aiki da kwamfuta irin ta IBM, ko 'yan uwanta, tsakanin shekarar 1985 da 1995, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani abin ɗaure kai ba. Mutum ya sayi na'ura da tsada, an tabbatar masa cewa tana da ma'ajiya mai faɗin megabayit huɗu, amma da ya nemi ta buɗe masa manhajar da ba ta bukatar ko da kashi ɗaya cikin shida na wannan faɗi, sai ta ƙi, ta rubuta masa cewa ma'ajiya ba ta isa ba. In ya fusata ya koma kanti ya ƙaro wasu megabayit huɗun, ya sa aka ɗaura masa, sai ya tarar jiya i yau. Kuɗi sun tafi, ƙorafin na'ura yana nan daram.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana asalin wannan matsala, sa'an nan a nuna dabarun da aka ƙirƙiro domin magance ta, da kuma yadda mai irin wannan na'ura zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Batun bai zama tarihi zalla ba tukuna. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 ofisoshi da jami'o'i da yawa a Nijeriya sun adana lissafin albashi da sakamakon jarrabawa da rubuce-rubucen bincike cikin manhajoji irin su Lotus 1-2-3 da dBASE da WordStar. Wanda ya gaji irin waɗannan faya-fayai, yake kuma so ya karanta abin da ke cikinsu da manhajar da ta rubuta su, lalle sai ya san yadda ake lallashin tsohuwar na'ura.

Mene ne ma'ajiya?

Ya kamata a fara rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cuɗanyawa. Akwai faifai, inda ake adana bayani ya kwana ya tashi ko da an kashe wuta. Akwai kuma ma'ajiyar aiki, wadda ake kira RAM, inda na'ura take shimfiɗa abin da take aiki da shi a wannan lokacin, wanda kuma yake gushewa da zarar wuta ta ɗauke. Misalinsu kamar akawu ne da teburinsa da ɗakin ajiye fayil. Ɗakin yana iya ɗaukar fayil dubu, amma akawu ba ya iya aiki sai da abin da ya baje a kan tebur. In tebur ya cika, girman ɗakin ajiya ba ya amfana masa kome. Saboda haka wanda na'urarsa ta ce ma'ajiya ba ta isa ba, ya tafi yana goge fayiloli daga faifai, ya yi aikin baban giwa ne kawai.

Ana auna ma'ajiya da bayit, wato gurbin da harafi ɗaya yake ci. Bayit 1,024 su ne kilobayit ɗaya, kilobayit 1,024 kuma su ne megabayit ɗaya. Kowane gurbi yana da lamba tasa, wato adireshinsa, kuma ƙwaƙwalwar na'ura ba ta iya taɓa gurbi sai ta kira shi da lambarsa ta kan wasu 'yan wayoyi. Yawan wayoyin nan shi ne ke yanke iyakar abin da za ta iya gani. Waya 16 suna ba da adireshi 65,536, wato kilobayit 64. Waya 20 suna ba da 1,048,576, wato megabayit ɗaya cif.

Ƙananan kwamfutocin gida na farko ƙarancinsu na gaskiya ne, babu wani ɓoyayyen abu a ciki. Sinclair ZX81, wadda ta fito a Ingila a 1981, kilobayit ɗaya tak take da shi, alhali kuwa cika fuskar talabijin da rubutu kaɗai yana cin bayit 793. Masu rubuta mata manhaja har dabara suka koya ta guje wa rubuta lamba, domin kowace lamba da aka rubuta cikin harshen BASIC na na'urar tana jawo wasu bayit shida a ɓoye. Sai su rubuta NOT PI a maimakon sifiri, SGN PI a maimakon ɗaya. Wanda ya gaji da wannan tsumulmula yakan sayi akwatin ƙari mai kilobayit 16 ya soka a bayanta, akwatin da ya yi ƙaurin suna wajen girgiɗi, har ta kai in tebur ya motsa aikin yini ya salwanta, mutane suka riƙa manne shi da danƙo. Commodore 64 ta 1982 kuwa, ko da yake kilobayit 64 ɗinta cikakku ne, bayit 38,911 kaɗai take miƙa wa mai rubutu da BASIC, domin manhajojin da aka gina mata a jiki sun zauna a kan adireshin sauran. A nan ne aka fara ganin irin cutar da za ta addabi IBM: ma'ajiya tana nan, adireshin kiranta ne ya yi ƙaranci.

Yadda aka gina katangar

A ranar 12 ga Agusta, 1981, kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa mai lamba 5150. Ƙwaƙwalwarta ita ce Intel 8088, mai wayoyin adireshi 20, wato mai ganin megabayit ɗaya. Injiniyoyin kamfanin suka ɗauki wannan fili suka yanka shi fuloti 16, kowanne mai kilobayit 64. Goma na farko, daga 0 zuwa 9, aka bar wa manhajoji. Shida na ƙarshe, waɗanda ake yi wa laƙabi da haruffa A zuwa F, aka keɓe su domin bukatun na'urar kanta, kamar dai yadda hukuma takan keɓe wani sashe na sabuwar unguwa domin makaranta da asibiti da ofishin 'yan sanda. Fuloti A da B na hoton da ke fita a fuskar na'ura ne. Fuloti F na manhajar BIOS ne, wadda ke tayar da na'ura in an kunna. Na tsakiya kuwa an bar su ga katunan da za a ƙara nan gaba. Goma sau 64 shi ne 640, shida sau 64 shi ne 384. Asalin lambar da ta shahara ke nan.

Ba daidai ba ne a ɗauki wannan rabo a matsayin wauta. Mafi arhar 5150 an sayar da ita ne da kilobayit 16 kawai, kuma galibin ƙananan na'urorin da ke kasuwa a lokacin kilobayit 64 ne iyakarsu. Wanda ya ba da ninki goma na abin da kowa yake da shi ba za a kira shi marowaci ba. Akwai wata magana da aka daɗe ana jingina wa Bill Gates, wai ya ce kilobayit 640 sun ishi kowa. Shi dai ya musanta, kuma rabon ma ba na kamfaninsa ba ne, na IBM ne. In akwai abin zargi, to wurin da aka ajiye fulotan hukuma ne. Da yake an sa su a saman filin, sai suka zama katanga a tsakiyar hanya ranar da aka sami ƙarin fili a bayansu.

Ranar kuwa ba ta yi nisa ba. A 1984 IBM ya fitar da PC/AT mai ƙwaƙwalwa 80286, wadda ke da waya 24, tana ganin megabayit 16. Amma ba ta ganin wannan faɗi sai in an juya ta zuwa wani sabon yanayin aiki, yanayin da DOS, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, ba ta san shi ba. Dubban manhajojin da mutane suka riga suka saya su ma ba su san shi ba, kuma da yawansu suna rubutu kai tsaye cikin fuloti B domin hoto ya fita da sauri, don haka ba dama a matsar da shi. Sai aka wayi gari sabuwar ƙwaƙwalwa tana kwaikwayon tsohuwa, megabayit na sama suna zaune ba mai taɓa su. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙaro ma'ajiya daga kanti bai kashe ƙorafin na'ura ba: abin da aka ƙaro bayan katanga ya sauka, manhajar kuwa a gabanta take neman wuri.

Su wa ke cinye filin?

Kilobayit 640 ɗin ma ba duka suke isa ga manhaja ba. DOS da kanta takan zauna a kan hamsin zuwa saba'in, gwargwadon bugun da aka ɗora. Bayanta sai direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke yi wa na'ura tafinta da kayan da aka jona mata: na linzami, na katin sauti, na injin faifan CD, na hanyar sadarwar ofis. Sai kuma wani jinsi na manhajoji masu shiga su ƙi fita, waɗanda suke laɓewa a ma'ajiya suna jiran a danna musu maɓalli. SideKick na kamfanin Borland, wanda ya fito a 1984, shi ne ya fi suna a cikinsu. Kowane ɗaya in an dube shi shi kaɗai ba wani abu ba ne, wannan ashirin, wancan talatin. Amma da haka ne na'urar da ta fara da 640 takan wayi gari da 480, alhali manhajar da ake so tana neman 580.

Saboda haka matakin farko awo ne. Umurnin CHKDSK yana nuna jimillar ma'ajiyar ƙasa da abin da ya saura. Daga bugu na 5 na MS-DOS kuma, umurnin MEM /C yana jera sunan duk wanda ke zaune a ma'ajiya da gwargwadon abin da ya ci. Jimillar da ake sa ran gani ita ce bayit 655,360. In aka ga 654,336, ba abin damuwa ba ne, domin BIOS na na'urori da yawa yakan yanki kilobayit ɗaya ya ajiye bayanansa. Amma in aka ga 653,312, wato an rasa kilobayit biyu, to ya kamata a yi zargin cutar kwamfuta irin mai kama farkon faifai. Wadda ake kira Stoned, da ta ɓulla a 1987 ta yaɗu ta hanyar musayar faya-fayai, daidai wannan gwargwado take sata ta ɓuya a ciki.

Fayiloli biyu ne ke yanke wanda zai shiga ma'ajiya lokacin tashin na'ura, CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT. Kafin a taɓa su wajibi ne a kwafe su a ajiye, a kuma tanadi faifan tafi-da-gidanka wanda zai iya tayar da na'urar, domin kuskuren layi ɗaya yana iya hana ta tashi sam. Bayan haka sai a bi su layi layi, duk direban da ba a bukata a rubuta REM a gabansa, wanda zai sa DOS ta tsallake shi ba tare da an goge shi ba. Sau da yawa akan tarar da direban kayan da aka cire tun shekaru yana nan yana cin wuri. Layin BUFFERS ya cancanci a dube shi, domin kowane ɗaya daga cikinsu yana cin fiye da rabin kilobayit, wanda ya rubuta 99 ya zubar da wajen kilobayit hamsin ke nan. Layin LASTDRIVE kuwa, wanda wasu suke ta fama da shi, ko an kai shi Z abin da yake ci bai wuce kilobayit biyu da 'yan kai ba. Layin FILES kuma a yi hattara da rage shi, domin manhaja irin dBASE tana buɗe fayiloli da yawa a lokaci guda, in an matse ta sai ta tsaya.

Taga, gyara, da kangaye

In an gama shara ba a sami abin da ake so ba, sai a koma ga dabarun ƙetare katanga. Uku ne manya, kuma bambance su yana da muhimmanci, domin manhajar da ta nemi ɗaya ba ta karɓar ɗaya a madadinta.

Ta farko ita ce wadda ake kira EMS. Masu lissafin kuɗi ne suka jawo ta, domin Lotus 1-2-3, wanda ya fito a 1983, yana ɗora jadawalin lissafi gaba ɗaya a ma'ajiya, in ta cika kuwa aiki ya tsaya. A 1985 Lotus da Intel suka fito da tsari, Microsoft ya bi su. An sa ƙarin ma'ajiya a kan wani kati dabam, sa'an nan aka buɗe taga mai faɗin kilobayit 64 cikin fulotan hukuma, aka raba ta gida huɗu masu 16 kowanne. Manhaja takan ce a kawo mata shafi kaza bakin taga, ta karanta ko ta rubuta, ta ce a mayar a kawo wani. Kamar masinja ne da ke kai da komo tsakanin akawu da ɗakin fayil, sai dai shi ba ya jinkiri. Bugu na 4.0 na wannan tsari, na 1987, yana iya kula da megabayit 32. Amfaninsa shi ne yana aiki ko a kan 8088. Aibinsa kuwa, sai manhajar da aka rubuta musamman dominsa take cin moriyarsa.

Dabara ta biyu ta fi ban sha'awa, domin daga wani ɗan kuskuren lissafi ta samo asali. Ƙwaƙwalwar 8088 tana haɗa adireshi ne daga lambobi biyu: ta ninka ta farko sau 16, ta tara da ta biyu. Mafi girman kowace lamba shi ne 65,535. In aka ninka aka tara, sai a sami 1,114,095, wanda ya zarce ƙarshen megabayit ɗaya da bayit 65,520. A kan 8088 wannan rara ba ta zuwa ko'ina. Da yake waya 20 ne kawai, adireshin yakan zagayo ya koma farkon fili, kamar yadda agogo yake komawa ɗaya bayan sha biyu. Wasu tsofaffin manhajoji har sun dogara da wannan zagaye. Amma 80286 tana da waya ta 21, wadda ake kira A20, saboda haka a wurinta adireshin ba ya zagayowa, sai ya faɗa bayan katanga. Domin kada tsofaffin manhajoji su rikice, IBM ya sa wa wannan waya ƙofa a PC/AT, ya kuma danƙa mabuɗin ƙofar, abin mamaki, ga ɗan guntun da ke kula da madannan rubutu, don kawai yana da ƙafar da ba a amfani da ita. Daga baya aka lura cewa in an buɗe ƙofar, DOS tana iya taɓa wannan rara ba tare da an sauya yanayin ƙwaƙwalwa ba. Gyara ce, irin wadda mai awo yake ƙara wa mai saye bayan an cika mudu: kilobayit 64 ba bayit 16. Direban HIMEM.SYS shi ne mai riƙe da ƙofar, shi ne kuma mai raba sauran ma'ajiyar bayan katanga bisa tsarin XMS na 1988. Kamfanin Digital Research ya riga kowa mayar da DOS cikin wannan gyara a DR DOS 5.0 na 1990, Microsoft ya biyo baya da MS-DOS 5.0 a 1991. Layi ɗaya, DOS=HIGH, yana kwashe fiye da kilobayit arba'in daga ƙasa. Babu wani gyaran da ya kai shi riba in aka dubi ƙanƙantar wahalarsa.

Ta uku ita ce cin kangaye. Fulotan hukuma shida ba duka aka gine ba. A na'ura mai katin hoto na VGA, hoto ya ci 128, BIOS na katin ya ci 32, BIOS na na'ura ya ci 64, jimilla 224. Saura 160 ke nan, adireshi ne kawai babu ma'ajiya a ƙarƙashinsu. Ƙwaƙwalwar 80386, wadda ta fito a 1985, tana da ikon ɗauko ma'ajiya daga wani wuri ta liƙa mata adireshin da aka ga dama. Da wannan iko ne direban EMM386, da takwarorinsa irin su QEMM na kamfanin Quarterdeck, suke cike kangayen da ma'ajiyar bayan katanga. In an cike su, sai a kwashe direbobi daga ƙasa a mayar da su can. A CONFIG.SYS layukan farko sukan kasance haka:

DEVICE=C:\DOS\HIMEM.SYS
DEVICE=C:\DOS\EMM386.EXE NOEMS
DOS=HIGH,UMB

Jerin yana da muhimmanci, domin EMM386 ba ya tashi sai HIMEM ya riga shi. Daga nan sai a sauya DEVICE zuwa DEVICEHIGH a sauran direbobi, a kuma sa LOADHIGH a gaban manhajojin da ke cikin AUTOEXEC.BAT. Wanda ya yi wannan da kyau yana iya ganin fiye da kilobayit 600 a sake.

A nan ne ake bukatar shawara, domin dabara ta ɗaya da ta uku kishiyoyi ne. EMM386 yana iya kwaikwayon katin EMS in an rubuta RAM a maimakon NOEMS, amma tagar tana cin 64 daga cikin 160 ɗin nan, ya saura 96. Mai aiki da tsohon Lotus ba shi da zaɓi, sai ya buɗe taga. Wanda manhajarsa ba ta neman EMS kuwa asara ce gare shi ya buɗe ta. Akwai kuma wasu kilobayit 32 da aka keɓe wa fuska maras launi, waɗanda mai fuska mai launi yake iya karɓowa da rubuta I=B000-B7FF, in dai katin hotonsa ba ya amfani da wurin. In kuwa na'ura ta riƙa sandarewa bayan an ɗora EMM386, galibi ya shiga gonar wani kati ne, kamar katin sadarwa, sai a hana shi wurin da harafin X.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne, MEM ya nuna akwai wuri a sama amma direba ya ƙi hawa. Dalilai biyu ne. Kangayen ba a haɗe suke ba, kuma direba ba ya rabuwa biyu. In yana neman 40, kango biyu masu 25 kowanne ba su yi masa kome ba. Na biyu, direbobi da yawa sukan kumbura lokacin shiga, su nemi ninki biyu na abin da za su riƙe, sa'an nan su saki. Maganin shi ne a fara ɗora manya, ƙanana su cike giɓi, kamar yadda mai lodin mota yake fara sa buhuna kafin ƙullin kaya. MS-DOS 6.0 na 1993 ya zo da MemMaker, wanda ke auna direbobi ya zaɓa wa kowanne kango da kansa. Yana da amfani ga wanda bai saba ba, amma ba ya sauya jerin layuka, saboda haka mai haƙuri da hannunsa yakan fi shi. Wannan bugu har wa yau ya kawo damar shirya zaɓi a CONFIG.SYS, wato na'ura ta tambaya lokacin tashi ko da taga ake so ko babu. Kafin haka mutane faifan tashi dabam suke ajiye wa kowace manhaja mai wuyar sha'ani. Wasan Ultima VII na 1992, alal misali, ba ya jituwa da EMM386 ko kaɗan.

Akwai kuma ƙorafin da yawan fili ne yake jawo shi. In an kwashe DOS zuwa sama, manhaja takan sauka cikin kilobayit 64 na farko, inda ba a taɓa zaton za ta sauka ba, sai wasu tsofaffi su ce fayil ɗinsu ya lalace alhali lafiyarsa lau. Umurnin LOADFIX aka yi domin wannan: yana toshe farkon filin ne da gangan, ya tura manhajar gaba.

Ba kowace na'ura ce take cin moriyar dabarun duka ba. Mai 80286 tana samun gyara, amma EMM386 ba ya aiki a kanta. Mai 8088 ba ta samun ko ɗaya, sai shara da katin EMS na gaske, da kuma sauya direbobi masu ƙiba da sirara. Direban linzami na CuteMouse, wanda ke tafe da FreeDOS, bai kai kilobayit huɗu ba.

Katangar ba rushe ta aka yi ba, kewaye ta aka yi. Manhajoji suka koyi juya ƙwaƙwalwa zuwa sabon yanayi da kansu, kamar yadda wasan Doom na 1993 ya yi da DOS/4GW, har ya zama jimillar megabayit huɗu yake nema, bai damu da abin da ya saura a ƙasa ba sosai. Windows XP na 2001 shi ne ya raba kwamfutar gida da DOS a matsayin tushe.

In ciwon na jiki ne

Duk abin da ya gabata ya ɗauka cewa ma'ajiyar tana nan lafiya. A na'urar da ta shekara talatin ko arba'in ba a ɗaukar haka sai an gwada. In an kunna, galibin na'urorin nan sukan ƙidaya ma'ajiyarsu a fuska, kuma in ƙidayar ta tsaya a 256 ko 512, to ba maganar CONFIG.SYS ba ce.

A 5150 akwai wasu 'yan makunnai a kan babban faranti waɗanda da su ake gaya wa na'ura yawan ma'ajiyar da aka sa mata. In an ƙara ƙwayoyi ba a juya su ba, ba za ta san an ƙara ba. BIOS ɗinta na farko, wanda ya gabaci na Oktoba 1982, bai ma san abin da ya wuce kilobayit 544 ba. Farantin da ya tsaya a 256 ana cika shi zuwa 640 da kati, irin SixPakPlus na kamfanin AST mai ɗaukar 384. Ƙwayoyin ma'ajiya tara tara ake jera su, takwas na bayani, ta tara ta sa ido a kan sauran. In lissafinta bai yi daidai ba sai na'ura ta tsaya cik ta rubuta PARITY CHECK 1, wato ɓarnar a babban faranti take, ko PARITY CHECK 2, wato a kan kati take. Lamba 201 lokacin tashi ita ma ma'ajiya take nufi. Sau da yawa ƙwayar ba mutuwa ta yi ba. Zafi da sanyi na shekaru ne suka ɗaga ta daga gurbinta kaɗan kaɗan. Akan kashe wuta, a taɓa ƙarfen akwati domin a sauke lantarkin jiki, wanda yake da yawa musamman lokacin hunturu, sa'an nan a danna kowace ƙwaya da babban yatsa har ta zauna.

Na'urorin baya suna amfani da 'yan sanduna masu ƙafa 30. Kowace sanda bit takwas take bayarwa, don haka 80286 da 386SX bibbiyu suke karɓa, 386DX da 486 kuwa hurhuɗu, kuma dole su zama iri ɗaya. Wanda ya soka biyu inda ake neman huɗu, na'ura ba za ta gan su ba. Daga PC/AT zuwa gaba, yawan ma'ajiya ana rubuta shi ne a wata 'yar ƙwaya da batir ke riƙe da ita, in ƙidaya ta saɓa da abin da ke rubuce sai na'urar IBM ta nuna lamba 164, a shiga a sake saitawa. Batirin kansa abin dubawa ne tun kafin a jona wuta. A farantai da yawa na 386 da 486 mai siffar ƙaramar ganga ne, an like shi da dalma, kuma in ya tsufa yakan zubar da ruwa mai cin tagulla, ya bar kore kore a kan siraran hanyoyin da ke kusa da shi. In an ga wannan sai a yanke batirin a cire, a wanke wurin da ruwan khal domin ya kashe kaifin abin da ya zuba, a bi da ruwa mai tsabta, a bari ya bushe sarai, sa'an nan a bi hanyoyin ɗaya ɗaya da mita a ga wadda ta yanke, a haɗa ta da siririyar waya.